Asabar, 1 ga Nuwamba 2025: mun yini a laburaren unguwa

Yau ba ni da aiki. 'Yar tsohuwar da nake kula da ita ta zo za ta kwana biyu da uwarta, aka ce in huta. Na so in rama barcin da nake bi bashi, amma ina! Takwas ba ta yi ba Auta ta tsaya a kaina da takardar da aka ba su a laburare, wai yau mutanen Meksiko ke bikin tunawa da matattunsu, kuma wai na yi alkawari. Tunda jiya na hana su yawon Halowin, ban da bakin musu.

Jiyan ma da ƙyar muka rabu lafiya. Benenmu kaf yara ne ke hawa da sauka, wannan da shigar fatalwa, wancan da ta ƙwarangwal, suna buga ƙofa ana zuba musu alewa a jaka. Babansu ya ce ba da 'ya'yansa ba. Ni ma ra'ayina ke nan, sai dai shi yana can yana tuƙin tasi, ni aka bari da masu kumbura fuska.

Muka fita da rigunan sanyi. Kaka ta yi nisa a Bronx, yankinmu a birnin New York na Amurka, ganye ya zama ja da ruwan ɗorawa, iska na kwashe shi tana zubarwa a kwata. A bakin ƙofofin gidaje ga kabewar jiya nan, an fafe ta an yanka mata ido da haƙora, wasu har sun fara lotsewa. Na daɗe a ƙasar nan amma har yau abin yana ci mini rai. Kabewar da za ta yi miyar taushe gida guda su ci su ƙoshi, jibi a bola za ta kwana. Kuma yau ɗin nan ne ake ta maganar kuɗin katin tallafin abinci na gwamnati ba zai shigo ba saboda an rufe gwamnatin tarayya tun farkon Oktoba.

Laburarenmu ƙarami ne, ɗaya daga cikin rassan babban laburaren New York da ke warwatse a Bronx da Manhattan da Staten Island. Shiga kyauta, kati kyauta, kwamfuta da intanet kyauta, har ajin koyon Turanci na manya. Tun Oktoban 2021 suka daina cin tarar wanda ya makara bai dawo da littafi ba, kuma daga lokacin ne na saki jiki ina barin yara su kwaso yadda suka ga dama. Da yawa daga tsofaffin rassan da kuɗin Andrew Carnegie, wani attajirin masana'antar ƙarfe, aka gina su. A 1901 ya ba da dala miliyan 5.2 don a gina rassa 65 a birnin, bisa sharaɗin hukuma ta ba da fili kuma ta ɗauki nauyin tafiyar da su. Mai kuɗin ƙarfe ya mutu da daɗewa, ga 'yata tana shan ɗumi a cikin sadakarsa.

A ɗakin taro na ƙasa aka yi abin. Sun jera teburi hawa uku, an lulluɓe da zane. A hawa na sama hotunan mamata ne: wani tsoho da malfa, wata mata a bakin murhu, wani saurayi da rigar ƙwallo wanda da gani bai kai talatin ba. Ƙasa da su kofin ruwa, ɗan gishiri a faranti, kyandir mai batir tunda ba a kunna wuta a cikin littattafai, da wani burodi zagayayye da aka ɗora wa siraran ƙullu a gicciye kamar ƙashi, yana ƙamshin lemo. Sai fure mai ruwan goro ko'ina, an tsinke wani an zuba shi a ƙasa ya yi hanya tun daga ƙofa har gindin teburin. Daga sama an rataye takardu masu launi da aka huhhuda da ado. Gaban hoton tsohon nan mai malfa an ajiye kwalbar lemon kwalba ɗaya da ba a buɗe ba.

Matar da ta tsaya tana bayani 'yar Puebla ce, kamar da yawa daga 'yan Meksikon da ke birnin nan. Turancinta bai wuce nawa ba, ɗanta ke fassara. Ta ce yau, ɗaya ga wata, ranar yaran da suka rasu ce, gobe ta manya. Ƙamshin furen ne ke nuna wa mamaci hanyar gida, ruwan kuma don ya sha bayan doguwar tafiya. Tsohon mai malfa mahaifinta ne. Ya rasu tana nan, ba ta samu zuwa an binne shi da ita ba. Da ta kai nan sai ta yi shiru ta shiga gyara furen da ba abin da ya same shi. Ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba, don nawa uban ma a waya aka gaya mini.

Auta ta ja mayafina. "Umma, mu ma mu sa hoton Alhaji."

Na ce mata a'a, mu ba ma ajiye wa mamaci abinci, kuma ba ma cewa yana dawowa. Addu'a muke yi masa, mu yi sadaka ladan ya kai gare shi. Ta ce to yaushe muka yi? Na ce Juma'a mai zuwa za mu soya ƙosai mu kai masallaci, ita za ta riƙe robar. Ta yarda. Na bar ta ta zauna cikin yara suna naɗe takarda suna yin fure, wannan ban ga laifinsa ba. Fentin ƙoƙon kai a fuska ne na ce ba za a yi mata ba, mai fentin kuwa ba ta ja ba, ta zana mata malam-buɗe-littafi a bayan hannu.

Ana cikin haka Hajiya maƙwabciyata ta shigo da jikokinta. 'Yar zangon Kumasi ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ta riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru masu yawa. Muka tsaya gaban allon sanarwa muna duba abin da ke tafe. Cikin watan nan akwai ranar labaran 'yan asalin ƙasar, har da na Lenape, waɗanda su ne masu wurin nan kafin Turawa su zo. Akwai sana'ar hannu ta yara kafin bikin Godiya na 27 ga wata, wanda ake gasa talotalo. Disamba kuwa ba masaka tsinke: Hanuka ta Yahudawa mai dare takwas, Kirsimeti, sannan Kwanza daga 26 ga Disamba zuwa 1 ga Janairu. Takardar Diwali, bikin fitilu na 'yan Indiya, ma ba a cire ba, ga ta nan da hoton fitilun kasko.

Kwanzar nan ta taɓa sa ni a tsaka mai wuya. Babbar 'yata ta dawo daga makaranta tana tambaya yadda muke yin ta a Kano, tunda an ce bikin Afirka ne. Ni kuwa sai da na zo Amurka na fara jin sunan. Maulana Karenga ne ya ƙirƙiro ta a 1966 a Kalifoniya, da kalmomin Suwahili da kyandir bakwai, uku ja, uku kore, ɗaya baƙi. Ba na raina ta. Mutanen da aka raba da asalinsu da ƙarfin tsiya ne suka gina wa kansu abin riƙewa. Abin da ya dame ni shi ne, in aka ce Afirka a allon nan, ita kaɗai yarana ke gani, alhali ga mu nan cike da unguwar, 'yan Ghana, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, har shagunan da ake sayar da daddawa da kuka muna da su.

Na faɗa wa Hajiya haka. Ta ce, "Ke dai ƙanwata, wa ya san da mu?" Sai ta yafito ma'aikaciyar sashen yara, don ita Hajiya ba ta da nauyin baki.

Amsar da muka samu ta kashe mini jiki. Ashe teburin nan ba ma'aikata suka haɗa shi ba. Iyaye mata ne suka zo tun watan Satumba suka ce suna so, aka ba su ɗaki da rana da almakashi da takardu, sauran duk daga gidajensu suka kwaso. Ta ce in muna da abin da za mu nuna, mu rubuto a taƙaice, amma mu yi da wuri don ana tsara jadawalin tun da sauran watanni. Har ta ce ta daɗe tana jin yara na wani yare a tsakanin kantocin littattafai, ba ta san sunansa ba.

Kuma haka abin yake a birnin nan. Hutun Sallah ƙarama da babba da makarantun gwamnati ke bayarwa, sai da Musulmi suka yi shekaru suna bin sa kafin magajin gari Bill de Blasio ya sanar a 2015. Masu Diwali su ma sun bi nasu har aka sa hannu a dokar a 2023, shi ya sa yaran suka zauna a gida ran 20 ga Oktoba.

A hanyar dawowa muka yi ta lissafi. Azumi zai kama wajen tsakiyar Fabrairu. Na ce tashe za mu yi. In azumi ya kai goma, yara su sa gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su bi gida-gida da waƙa da ganga ta gwangwani ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Abin da 'ya'yana suka yi wa kuka jiya ke nan, muna da namu, mai ban dariya da wa'azi a ciki, ba fatalwa ba ƙwarangwal, amma ko sau ɗaya ba su taɓa gani ba. Hajiya ta ce a ƙara da lalle da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ita za ta yi tatsuniyar. Na ce da rana tsaka? Ta ce wanda ke tsoron ɓata a kasuwa ya zauna a gida, ita a jirgin ƙasan New York ma ba ta ɓata ba.

Na san inda gizo ke saƙar. Kowa zai ce aiki ya yi yawa, kuma gaskiya ne, wasunmu kwana suke a gidajen tsofaffi. Amma duk ƙarshen mako sai mun cika zauren haya da suna ko biki har biyun dare, da anko da mai kiɗa. Awa biyu ranar Asabar ba za ta gagare mu ba.

Bayan isha'i na rubuta a zaurenmu na WhatsApp na matan unguwa, na haɗa da hoton teburin 'yan Meksiko don su ga irin abin da nake nufi. Daren yau ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, gobe kuma ranar gudun fanfalaki ce, za a toshe hanyoyin kudancin Bronx, don haka sai na sake wa Babansu tuni kada ya bi ta can. Kafin in ajiye waya amsa ta fara shigowa. Ta farko ta ce Allah ya ba da lada. Ta biyu ta tambaya ko za a fitar da anko, kuma nawa ne kuɗin yadi.