Mayen ƙarfe ya fito fes, inji kuwa yana cin kansa

Har yanzu idan na ji mai sayar da kayan mota yana cewa notin juye mai mayen ƙarfe shi ne likitan inji, raina ɓaci yake yi. Notin, wato wanda ake kwancewa a zubar da baƙin mai, yana aiki, ban ce ba ya yi ba, har gobe yana ɗaure a ƙasan motata. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, ɓarnar da ta fi cin kuɗi a inji ba ruwanta da mayen ƙarfe, kuma sai da aka sauke mini inji a wani gareji da ke hanyar Dukku sannan na sani.

Motar tsohuwa ce, 'yar Kwatano, ga shi aikina yana yawan kai ni Bauchi daga Gombe, wani lokaci in gangara Kumo da Kaltungo. Filtar mai tana tare ɓurɓushin da ya kai kamar maikiron 20 zuwa 40 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wanda bai kai haka ba yakan sulale ya ci gaba da yawo cikin baƙin mai. Masu ƙera motoci ma sun daɗe suna sa mayen ƙarfe a kaskon giyabos na atomatik da notin aksil, don haka ban ga laifin inji ya samu nasa ba. Na sayi notin (ka tafi da tsohon naka shago, domin girman na Toyota da yawa M12 ne, Honda kuwa M14), na kuma manna wasu ƙananan mayen ƙarfe masu sheƙi a jikin filta.

Juyen farko ya burge ni. Kan notin ya fito da wani baƙin abu mai laushi kamar kwallin da aka kwaɓa da mai, na murza a yatsa ban ji tsakuwa ba. Wannan ba abin tsoro ba ne, garin ƙarfe ne da ke fitowa daga ringi da bangon silinda da kamshaf da sarƙar taimin, kowane inji yana yin sa. Abin tsoro shi ne a ga ɓaraguzai masu kaifi da ke sukar yatsa, ni kuwa ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Juyen da suka biyo baya ma sai notin ya riƙa fitowa kusan fes.

A daidai wannan lokacin ne jar wutar mai ta fara ƙyaftawa idan na tsaya a cunkoso bayan doguwar tafiya. Da safe kuma in ji wata 'yar ƙara kwat-kwat, kafin mai ya hau ta ɗauke. Duk wanda na tambaya sai ya ce suwic ne. Ga kuma shaida a hannu, noti ya fito da tsabta, ai inda inji na ci da mayen ƙarfe ya nuna. Aka canza suwic, wuta ta ci gaba da ƙyaftawa abinta.

Ana tsakiyar zafin Afrilu, ina dawowa daga Bauchi, na wuce Alkaleri kenan ƙarar ta fito fili, duk lokacin da na taka mai sai ta amsa. Haka na lallaɓo har Gombe. Bakaniken da aka haɗa ni da shi dattijo ne, ba ya yawan magana. Ya kwance notin, na yi saurin nuna masa cewa babu komai a kai. Bai ko kalla ba. Ya ce, "Alhaji, kana ta kallon noti, ka taɓa kallon man?" Ya ɗauki tasar juyen ya fita da ita rana, ya karkata ta. Man yana wani walƙiya ruwan zinariya. Ya sa yaronsa ya buɗe filtar, ya warware takardar ciki a kan benci, ga ɗigo-ɗigon jan ƙarfe da wasu farare sun maƙale a kowane ninki. Sai ya ɗauki notina, wanda nake ta alfahari da shi, ya bi ta kansu a hankali. Ko ɗaya bai motsa ba. Na ce, "Baba, mene ne wannan?" Ya ce, "Metal ɗinka ne, sun ƙare."

Metal ɗin da kiranshaf (babbar sandar ƙarfen da fistin ke murzawa) ke juyawa a kai bayansu ne kawai baƙin ƙarfe. Fuskar da ke gogayya da shi ko dai haɗin jan ƙarfe ne da dalma da kuza, ko na alminiyum da kuza, kuma duk cikinsu babu wanda mayen ƙarfe ke ja. Fistin ma alminiyum ne. Wato metal zai iya cinyewa har ya kai ga bayansa, noti na fitowa da tsabta. Kafin ya fara nuna wani abu, kiranshaf ɗin kansa ya soma kurjewa. Nawa ya kurje. Sai da aka kai shi wajen masu yanka aka rage milimita 0.25, abin da makanikai ke kira 010, aka sayo metal daidai da shi, ga gasket, ga kuɗin sauke inji da mayarwa. Baba ya ce da lokacin da wuta ta fara ƙyaftawa na zo, kaskon ƙasa kawai za a cire a canza metal ba tare da an taɓa inji ba. Wannan maganar ita ce ta fi yi mini ciwo, domin kuɗin ragon layya da na makarantar yara duk a nan suka tafi.

Su kuwa ƙananan da na manna a filta, da na ciro su ko sifana ƙarama ba sa iya riƙewa. Irin su na neodiniyam ne, kuma na gama-gari yana fara rasa ƙarfinsa idan zafi ya haura digiri 80, ba ya kuma dawowa. Baƙin mai a inji yakan kai 90 zuwa 110, balle a Gombe da zafin gari kaɗai ke taɓa 40 a bazara. Mai son saye ya nemi wanda aka rubuta wa SH, yana jure 150, ko UH mai jure 180. Baƙin nan na bayan sifika bai damu da zafi ba, sai dai ƙarfinsa kaɗan ne. Kuma in ka manna a filta, kada ka cire shi sai bayan an kwance ta, in ba haka ba abin da ya tara zai sake shi gaba ɗaya cikin mai.

Na ji masu cewa tunda sun sa mayen ƙarfe za su iya jinkirta juye. A ina? Ƙurar hunturu da ke shiga ta filtar iska da ta yage yashi ce, mayen ƙarfe ba ya kama ta, ita ce kuma ke goge metal. Man da ya ƙone ko ya gauraya da fetur ma ba ya gyara shi.

Yanzu duk juye sai an kai mini tasar rana na duba, sai kuma an buɗe tsohuwar filta a gabana. Yaran gareji suna ganin fitina ce, ina ba su na shayi su yi. Ba na bari su sa zarto, domin zarto yana zuba nasa garin ƙarfen a kan takardar ya rikita ka. Da kurfi ake huda bakin gwangwanin, a ƙarasa da almakashin yankan kwano, sannan a matse man da ke takardar da tsumma kafin a warware ta.