Ranar da wayar Hajiya ta ƙi ba ni sirrinta

Shekara tara ke nan ina gyaran waya a Tip Toe Lane da ke Circle, a birnin Accra. A damanar bara wata Hajiya mai sayar da atamfa a Nima ta kawo mini iPhone 8 da ta faɗa kwata. Ta ce, "Ɗana, ba wayar ce ta dame ni ba. Muryar marigayi Alhaji na ciki."

Allon injin ya riga ya ci tsatsa. Sai na yi abin da na ɗauka dabara ce: na kunna iska mai zafi, na ɗaga guntun da ke ajiye bayanai, na dasa shi a wani allo mai lafiya. Ko motsi. Kwana biyu ina fama kafin wani maigidana a sana'ar ya zaunar da ni.

Ashe tun daga iPhone 5s ta shekarar 2013, Apple ke keɓe wani ɗan ɗaki mai suna Secure Enclave a cikin firosesa, wato ƙwaƙwalwar waya. A masana'anta ake dasa masa makulli nasa shi kaɗai, kuma babu manhajar da ke iya karanta shi. Da wannan makullin da lambar sirrin mai waya ake kulle komai. Ni kuwa akwati na ɗauko, na bar makullin a gidan da ya rushe. Google ma ta bi wannan hanya da guntun Titan M a wayarta Pixel 3 a 2018.

Dole na kwashe firosesar, da ma'ajiyar, da wani ɗan mitsitsin guntu da bai kai ƙwayar gero ba, su ukun tare. Hannuna na rawa, don zafi kaɗan ya wuce kima, an yi asarar muryar har abada.

Da wayar ta kawo haske, lambar sirri ta nema. Wallahi na ji daɗin hakan. Na sha ganin yara a layinmu suna leƙa hotunan matan mutane, abin yana ƙona mini rai. Ga shi na farke wayar nan har hanjinta, amma ban ga ko hoto ɗaya ba.

Na miƙa wa Hajiya wayar, na kau da kai ta danna lambobinta. Ta kara wayar a kunne, ta daɗe ba ta ce uffan ba.