Mai haɗa turare da hancin aro

Sana'ata haɗa turaren wuta da humra. Na fi shekara goma ina yi a nan Tudun Wadar Zariya, kuma a hannun kakata na koya, wadda ta yi zaman aure a Maiduguri kafin ta dawo gida. Na fara da wannan ne don a gane abin da nake nufi idan na ce a watan Janairun 2021 na wayi gari hancina ba ya jin komai. Ga wata matar, ƙaramar jarrabawa ce. Ni kuwa jarina ne kacokan ya tafi.

Da zazzaɓi da ciwon jiki abin ya faro, ga 'yar mura, lokacin hunturu ya kankama. Kowa ya ce maleriya ce, ni ma na ce maleriya ce, aka aika kemis aka sayo magani. A lokacin mutane sun riga sun gaji da zancen korona. Tun kullen da aka yi mana a jihar Kaduna a ƙarshen Maris ɗin 2020, aka rufe kasuwanni, aka hana Juma'a, har shi Gwamna El-Rufai ya fito ya ce ya kamu, jama'ar unguwarmu ba su fasa cewa ciwon masu hawa jirgi ba ne. Ni da ko Abuja ban taɓa zuwa a jirgi ba, me zai haɗa ni da ita?

Rana ta biyar zazzaɓi ya sauka. Na ce bari in rage aikin wata amarya da ke jirana. Na ɗauko kwalbar madarar turare, na buɗe, na kai hanci. Shiru. Abin da ya fara zo min a rai shi ne an cuce ni, an sayar min da ruwa. Na buɗe ta biyu, ta uku, har wadda na ɗura da hannuna wata shida da suka wuce. Daga nan na janyo ledar farcen haɗa turare da ba a wanke ba. Wanda ya san ɗanyen farce ya san ƙarninsa kan kori mutum daga ɗaki. Na cusa fuskata a ledar na ja numfashi har ƙirjina ya cika, ban ji komai ba. Kuma hancin a buɗe yake sarai, iska na shiga tana fita, ba irin toshewar mura ba. Nan jikina ya yi sanyi.

Ƙanwar maigidana likita ce. Da na kira ta ban gama bayani ba ta ce, "Anti, ki je a yi miki gwaji, kuma daga yau kada ki ƙara shiga ɗakin Hajiya." Aka yi gwaji, aka ce ita ce. Na yi mako biyu a ɗaki ana ajiye min abinci a bakin ƙofa. Allah ya tsare surukata, ba ta kamu ba.

Ciwon ya tafi, hanci bai dawo ba.

Sai a lokacin na san cewa yawancin abin da muke kira daɗin abinci ba a harshe yake ba. Harshe zaƙi ya sani, da gishiri, da tsami, da ɗaci, da wannan garɗin na nama. Sauran duk, wato abin da ke raba miyar kuka da ta kuɓewa, ƙamshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro zuwa hanci yayin da kake tauna. Ni ina jin gishiri sama-sama, ina jin zafin barkono raɗau domin shi wata jijiya ce daban ke ɗaukarsa, amma daddawa da man shanu da citta duk sun zama abu ɗaya: babu. Masa da miyar taushe, abincin da nake mutuwar so, na riƙa ci kamar ina tauna soso. Na rame har zanina ya fara yi min yawa.

Akwai kuma abin da ban taɓa lissafawa ba. Wata rana na ɗora sukari a wuta zan haɗa hawi da sandal, na shiga ɗaki amsa waya. Sukarin ya ƙone ƙurmus, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, ina zaune abina. Maƙwabciyata ce ta faɗo ba ko sallama tana salati. Wata ranar kuma aka kwana babu wuta, miya ta lalace a firij, na ɗumama na zuba wa yara, sai babbar 'yata ta ce, "Umma, wannan miyar ta yi bashi." Tun daga ranar na daina taɓa tukunyar gas idan ba kowa a gida, domin wannan warin da ake sa wa gas don a gane yana yoyo, ni ba zan ji shi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ba wanda ya ɗauke shi ciwo. "Ai ki gode wa Allah, wasu numfashi suke nema." Gaskiya ne, kuma na gode. Amma ina ɗaukar autana in sunsuni kansa in ji kamar na rungumi filo. Ina wanka sau uku a rana saboda ban san ko ina wari ba. Hausawa na cewa abin da ya taɓa hanci ido ke ruwa, to ni a zahiri na gan shi, don na sha kuka a banɗaki ba wanda ya sani. Masu ba da magani kuma ba a magana: wannan ta ce in ɗiga ruwan tafarnuwa, waccan ta ce in shaƙi garin barkono in yi atishawa ya buɗe. Likitarmu ta ce kada in kuskura in zuba wa hancina komai, wurin da ke neman warkewa ba a ƙara masa ƙuna.

Sana'a kuwa da hancin aro na ci gaba da ita. 'Yata, tana aji uku na sakandare a lokacin, ita ta zama hancina. In haɗa, in ɗiba kaɗan in zuba a kasko, in kira ta. "Ya kika ji?" Ta ce, "Da daɗi." In ce, "Ba daɗi na tambaye ki ba, kajijin ya danne sandal ɗin ko bai danne ba?" Ta tsaya tana kallona. Yarinya ba ta da kalmomin, ni kuma ba ni da hancin. Mun sha faɗa a kan kaskon nan kafin mu fahimci juna.

Ana gab da azumi, wajen wata uku da ciwon, sai wani abu ya fara dawowa. Na yi murna ta kwana ɗaya tak. Abin da ya dawo ba ƙamshi ba ne. Albasa ta shiga mai, ni kuma in ji kamar an haɗa ƙonanniyar taya da ruwan kwata. Ƙwai, soyayyen nama, man goge baki, har sandal ɗina mai tsada, duk warin nan guda ɗaya. Ku tuna kuma a watan Afrilu aka ɗauki azumin shekarar, da la'asar kowane gida a layinmu suya yake yi, ƙosai a nan, dankali a can. Sai in ɗaure hanci da ɗankwali in shige ƙurya. Buɗa-bakina dabino ne da kankana, sai fura da nono mai sanyi, don na lura abu mai sanyi bai cika tayar da warin ba. Rashin jin komai ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Da na kai mata kuka, likitarmu cewa ta yi wannan alama ce mai kyau. Ta ce can saman kogon hanci akwai wani ɗan fili inda jijiyoyin jin ƙamshi suke, kuma ƙwayar korona ta fi kai hari ga ƙwayoyin da ke tallafe da su, wurin ya kumbura, aiki ya tsaya. Jijiyoyin nan suna cikin 'yan kaɗan a jikin mutum da ke sake tsirowa, sai dai yayin da suke tsirowa saƙon da suke kai wa ƙwaƙwalwa kan zo a cakuɗe. Na ce wato kamar mai gyaran wuta ya haɗa waya a karkace, ka kunna fanka fitila ta kama. Ta yi dariya ta ce kusan haka. Mafi yawan mutane cikin 'yan makonni suke warwarewa, ni ina cikin waɗanda abin ya ja wa lokaci.

Ita ta koya min horar da hanci. Wani likita a birnin Dresden na Jamus, Thomas Hummel, shi da abokan aikinsa suka fito da tsarin a 2009, tun kafin korona: ƙamshi huɗu, wardi da lemun tsami da kanumfari da ganyen bishiyar turare, a shaƙi kowanne kamar daƙiƙa 10, safe da yamma, aƙalla mako 12. Na ce in dai wannan ne ai kayan aikina ne. Na wanke ƙananan kwalabe huɗu. Kanumfari na daka, lemun tsami na kankare ɓawonsa, ganyen turare yaro ya tsinko min na murje, wardi kuwa daga cikin hajata. Bayan asuba da bayan isha'i, ina kan darduma, in buɗe ɗaya bayan ɗaya, in shaƙa a hankali ba da ƙarfi ba, ina tuno yadda abin yake a da. Kanumfari nakan tuno kunun kakata. Duk 'yan kwanaki in sake ɓawon lemun da ganyen. Ba ta yi min alkawarin komai ba, ta dai ce ba ya cutarwa kuma yakan taimaka wa wasu. Maigida ya riƙa tsokanata wai na buɗe sabon wuridi.

Mako shida ban ga wani canji ba, har na so in watsar. Sai wata safiya bayan ƙaramar salla na ɗaga zanin gadon auta, zarnin fitsari ya daki hancina. Zarni sak, yadda na san shi, ba taya ba kwata. Na fito tsakar gida da zanin a hannu ina kiran mutanen gida su zo su ji. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, lafiyarki kuwa?" Ban taɓa zaton zan yi wa fitsarin kwance hamdala ba.

Daga nan suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, ba a jere ba, wani ya zo yau gobe ya ɓace. Lemun tsami ya riga kowa. Ƙauri ya biyo baya, na samu na koma kicin da kwanciyar hankali. Da babbar salla a watan Yuli na iya zama kusa da masu babbaka, ko da yake naman suya sai da ya huce na ci. Daddawa sai wajen kaka. Sandal ya fi kowa jan rai, ya kusa shekara.

Yau dai ina jin kusan komai, amma ba zan ce hancin da ne ya dawo ba. Albasa idan ta soyu da yawa har yanzu akwai ɗan ƙaurin roba a ƙarƙashinta. Wata tsohuwar mai sayen humrata ta ce min hannuna ya canja, ban yi mata musu ba. Kakata ba ta taɓa awo ba, da hanci take sanin ya isa. Ni yanzu ina da littafi, komai da cokali da ma'auni, na rubuta. Kwalaben nan huɗu suna nan a kan taga, wani lokacin in buɗe don in gwada kaina.

Makon jiya muna haɗa humrar wata amarya daga Samaru, na shaƙa na ce almiskin ya isa. 'Yata ta karɓi kwalbar, ta ɗiga a bayan hannunta, ta jira ya ɗan sha iska kamar yadda na koya mata, ta ce, "Umma, da saura." Na sake shaƙa, ni dai na ji ya isa. Na ƙara rabin cokali.