Ranar Shari'ar Auta

Talata, bayan sallar Isha'i

Yau aka yi zaman shari'ar Auta, kuma sai yanzu na samu na zauna. Ni na tuƙa mu zuwa kotun, domin lauyarsa ta ja masa kunne tun makon jiya cewa kada ya kuskura ya zo da motarsa. Idan alƙalai suka ce an dakatar da mutum daga tuƙi, to daga wannan minti hukuncin ya fara aiki, ko daga wurin ajiye motoci ba shi da ikon fitar da ita. A hanya bai ce mini komai ba sai tambaya guda da ya yi ta maimaitawa: "Yaya, kina ganin za su ƙwace?"

Tun da abin ya faru 'yan'uwanmu na nan Ingila kowa ke ba shi tasa fatawar. Wani ya ce duk wanda ya haura mil 100 a awa shi ke nan, lasisi ya tafi kai tsaye. Wani ya ce tara ce kawai, ka biya ka wuce. Duka biyun babu wanda ya yi daidai, kuma yau na gani da idona.

Laifin dai shi ne 'yan sanda sun tsayar da shi a kan babban titin M62, tsakanin Lidis da Mancesta, yana gudun mil 104 a awa, wato kusan kilomita 167. Iyakar gudu a kan manyan titunan nan mil 70 ne, tun 1965 aka kafa shi. Da kaɗan ya wuce, da an aiko masa da takardar tarar fam 100 da makin laifi 3 a kan lasisi, ko ma a tura shi kwas na 'yan sa'o'i ya saurari wa'azin tuƙi. Amma irin wannan gudun ba a kashe shi ta gidan waya. Takardar tuhuma ta zo, aka ba shi kwana 21 ya amsa, ya amsa laifinsa a rubuce, sai kotu ta ce ya zo da kansa saboda tana duba yiwuwar dakatar da shi.

A ƙofar kotun an binciki jakata, aka sa na kurɓi ruwan gorar da na riƙe don a tabbatar ruwa ne. Wani dattijo mai baƙar alkyabba, riƙe da allon takardu, ya duba sunan Auta ya ce mu zauna a baranda. Kujerun ƙarfe ne a jere, kuma kusan duk waɗanda ke zaune maganar mota ce ta kawo su. Akwai wani mai kayan aikin gini da fenti a takalminsa, akwai wata tsohuwa mai sanda da jikarta. Auta ya cika takardar da ake bayyana abin da mutum ke samu da abin da yake kashewa, hannunsa na rawa har sai da na riƙe masa allon.

A nan lauyar ta zauna ta warware mana yadda lissafin yake. Tun watan Afrilun 2017 alƙalai ke bin waɗannan matakai uku. A titin da iyakarsa mil 70 ne, daga 71 zuwa 90 maki 3 ne da tarar kimanin rabin abin da mutum ke samu a mako. Daga 91 zuwa 100, tarar albashin mako guda, da maki 4 zuwa 6 ko dakatarwar kwana 7 zuwa 28. Daga 101 zuwa sama kuwa, tarar albashin mako ɗaya da rabi, sannan dakatarwar kwana 7 zuwa 56, ko kuma maki 6. Tarar ba ta wuce fam 2,500 a kan babban titi. Kenan alƙalai suna da zaɓi, sai dai a matakin Auta dakatarwa ake fara dubawa, kuma idan gudun ya yi muni ƙwarai suna iya zarce kwana 56 ɗin.

Abin da ya fi ɗaure wa Auta kai shi ne maki 6 ɗin da yake ta roƙon Allah a ba shi su ne suka fi masa haɗari. Lasisin Najeriya shekara guda kawai ake tuƙi da shi a nan, daga nan sai mutum ya yi jarrabawar ƙasar, kuma Auta bai cika shekara biyu da cin tasa ba. Akwai doka ta 1995 a kan sababbin direbobi: duk wanda ya tara maki 6 cikin shekara biyun farko, hukumar lasisin tuƙi ta DVLA za ta soke lasisinsa gaba ɗaya, ya koma ɗan koyo, ya sake jarrabawar rubutu da ta tuƙi. Da irin layin da ake yi kafin a samu ranar jarrabawa, wannan maganar watanni ce. Dakatarwar da ba ta kai kwana 56 ba kuwa, idan ta ƙare mutum ya koma kan sitiyari ba tare da neman sabon lasisi ba. Lauyar ta ce ba za ta miƙe ta roƙi a dakatar da shi don ya tsere wa waccan doka ba, alƙalai ba sa son haka, amma gudun nasa da kansa ya riga ya kai inda dakatarwa ta dace.

Sai wajen sha biyu da rabi aka kira shi. Majistare uku ne a zaune, mace a tsakiya. Ba lauyoyi ba ne, mutanen gari ne da aka horar kuma ba a biyansu albashi, ga masanin doka a gabansu yana ba su shawara. Aka karanta bayanin ɗan sandan: dare ne, titin a jiƙe, kuma akwai fasinjoji biyu a motar, mace da jariri a kujerar yara.

Nan gabana ya faɗi. Auta ya gaya mini daga walima suke dawowa, yana sauri saboda yana da aikin asuba. Bai taɓa gaya mini cewa matarsa da ɗansu ɗan wata bakwai suna ciki ba. Na kalli ƙeyarsa a inda yake tsaye, na rasa fushi zan yi ko kuka.

Mijina ya taɓa yi mini wani lissafi da bai bar kaina ba. Motoci biyu, ɗaya tana mil 70, ɗaya tana mil 100, su taka birki a wuri guda da ƙarfi iri ɗaya. A daidai inda ta farko ta tsaya cak, ta biyun tana nan tana gudun mil 70 da ɗoriya. Littafin dokokin hanya na nan ya ce ko a mil 70 mota na buƙatar mita 96 kafin ta tsaya, a busasshen titi ke nan, kuma a jiƙe nisan yana ninkawa. Mu da muka taso a Zariya mun san gaisuwar mutuwa nawa muka je saboda hanyar Kaduna da ta Kano, kuma kullum maganar guda ce, direba ya ba ta wuta. Tabbas ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Lauyar ta yi magana a taƙaice. Ta ce bai taɓa yin wani laifi ba, ya amsa tun farko, kuma aikinsa shi ne zagayawa gida-gida yana kula da tsofaffi, wanka da magani da abinci. Ta miƙa wasiƙar shugabar aikinsa. Majistaren ta tsakiya ta tambaye shi ko yana da abin cewa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ba ni da hujja. Na jefa iyalina da mutanen da ke kan hanya cikin haɗari." Lauyar ce ta hana shi kawo zancen makara, ta ce babu alƙalin da ke karɓar wannan uzurin.

Suka shiga ciki suka yi shawara, suka fito. Dakatarwar kwana 28. Tarar fam 720, aka rage kashi ɗaya cikin uku saboda ya amsa laifi da wuri, ta koma 480. Aka ɗora kashi 40 cikin 100 na tarar wanda ake zubawa a asusun tallafa wa waɗanda aka zalunta, fam 192, da kuɗin shari'a fam 90. Jimla fam 762, zai riƙa biya wata-wata. Majistaren ta tsakiya ta gargaɗe shi cewa tuƙi a cikin kwanakin nan laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari.

Ƙanena ne, ni na goya shi, kuma na tafi kotun ina addu'ar kada ya rasa aikinsa. Duk da haka ban ga zalunci a hukuncin nan ba. Da tara ce kaɗai, da ya biya ya manta. Wata guda yana tsaye a tashar bas cikin sanyin nan, yana duba agogo, zai zauna masa a rai fiye da duk faɗan da zan yi masa.

A mota muka yi shiru har muka fita daga gari. Sai ya ce, "Yaya, don Allah kada ki gaya wa Hajiya maganar yaron." Na ce masa ba zan kira ta in faɗa ba, amma idan ta tambaye ni ba zan ɓoye ba, kuma gara ta ji daga bakinsa. Ya kira ta bayan Magariba. Daga kicin ina jin muryarta a waya.

Shugabar aikin nasa ta yarda ta haɗa shi da wata abokiyar aiki mai mota a zagayen da ake zuwa mutum biyu. Ranakun da ba a samu haka ba, mijina zai sauke shi da safe, ni in ɗauko shi idan na tashi daga asibiti. Gobe Auta zai duba takardun inshorarsa ya kira kamfanin, domin wannan hukuncin sai ya riƙa bayyana shi shekara biyar duk lokacin da aka tambaya, kuma kuɗin zai hau sosai. Makullin motar yana wurin matarsa, ita ta nemi a ba ta.