Man gyaɗa a injin niƙa, da gaske ne?

Jiya na kai niƙan masara wurin Baba mai injin layinmu a Tudun Wada, na tarar ya kashe inji ya yi tagumi, wai kuɗin gas ya fi ƙarfinsa kuma in ya ƙara kuɗin niƙa mata su yi ta mita. Na ce Baba kun san injin nan naku zai iya tashi da man gyaɗa kuwa? Ya ɗago ya ce yaro, man da muke nema mu sa a miya?

Wallahi maganarsa ta tsaya min a rai, amma ni ma ba tatsuniya na faɗa ba. A 1900 wajen baje kolin duniya a Paris ta Faransa an tada injin dizal da man gyaɗa zalla, Rudolf Diesel, Bajamushen da ya ƙirƙiro injin, da bakinsa ya ba da labarin a 1912. Inda gizo ke saƙar shi ne kauri, man gyaɗa ya ninka gas kauri wajen sau goma, to nozul, wato ɗan bakin da ke fesa mai a cikin inji, ba ya iya fesa shi yadda ya kamata, ba ya ƙonewa duka, sai datti ya taru a bakin nozul da ringi ya gangara ya ɓata baƙin mai, manja kuwa da hunturu a kwalba ma daskarewa yake balle a cikin filta. Shi ya sa masu yi suke tada inji da gas, in ya yi zafi su juya kan man da aka ɗumama, kafin su kashe su koma gas ya wanke layi. Ko a haɗa man da wani sinadari da ake kira methanol da soda irin ta sabulu, gilisarin, wato ɓangaren mai kauri, ya kwanta a ƙasa, na saman shi ne bayodizal, man da inji ke sha kamar gas. Indunusiya ma a 2023 ta kai kashi 35 cikin 100 na gas ɗinta daga manja.

Ni dai bini-da-zugu ne ke ci min rai. Ga shi nan ana shingen gona da shi a ƙauyukanmu, akuya ba ta taɓa shi, 'ya'yan guba ne ba mai ci, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasu mai ne, sai su bushe su zube a banza. Ga man da masu ƙosai suka soya har ya yi baƙi. Ga maƙeran Panteka da na yarda za su iya haɗa mana injin matsa.

Baba ya ce in wannan ne to in kawo lita ɗaya a tace a gwada a gabansa, amma in nozul ya toshe ni zan saya.