Laraba: faranti ɗaya, haske iri-iri

Yau na wuni a ɗakin bincike ina duba ƙwayoyin tushe na tayin ɓera a farantin raino, wato ƙwayoyin halittar da ke iya rikiɗa zuwa kowane nau'in ƙwayar jiki, waɗanda aka maƙala wa furotin mai koren haske domin su riƙa walƙiya a duk lokacin da ƙwayar gadon Nanog take aiki. Dukansu daga uwa ɗaya suka tsiro, gadonsu ɗaya ne, ruwan da suke sha ɗaya ne, amma a ƙarƙashin madubin ƙara girma na ga dunƙule guda wanda wasu ƙwayoyinsa suke haske sosai, maƙwabtansu da ke manne da su kuwa sun dusashe kamar garwashin da toka ta rufe.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun a shekarar 2007 Ian Chambers da abokan aikinsa a Edinburgh suka nuna cewa aikin Nanog yana hawa yana sauka, kuma ƙwayar da ya yi ƙasa a cikinta ta fi saurin rikiɗa zuwa wani nau'i, ko da yake tana iya farfaɗowa ta koma yadda take. Haka ƙwayoyin gadon Rex1 da Stella suke yi, amma aikin ƙwayar gadon Oct4 ba ya cika canzawa daga wannan ƙwaya zuwa waccan.

Da rana na ɗauko faranti na biyu, wanda aka raini ƙwayoyinsa a ruwan da ake kira 2i. Ruwan yana ɗauke da magunguna biyu masu danne aikin wasu furotin na cikin ƙwaya, MEK da GSK3, kuma rukunin Austin Smith ne ya bayyana shi a 2008. A nan haske kusan daidai yake ko'ina, dunƙulen kuma sun fi zama zagayayyu masu tudu. Farantin farko kuwa da ruwan jinin tayin saniya da sinadarin LIF, mai taimakawa wajen hana ƙwayoyin rikiɗa, aka ciyar da shi.

Muka yi gardama da abokiyar aikina. Ita tana ganin bambancin wata hanya ce da ƙwayoyin suke shirin zaɓar makomarsu. Ni dai ina jin kaso mai yawa na abin daga ruwan rainon ya fito, tunda sauya ruwan kaɗai ya daidaita su. Inda ba mu saɓa ba shi ne, niƙe dubban ƙwayoyi wuri guda a auna matsakaicinsu yana ɓoye duk wannan, don haka gobe za mu ware masu haske daga marasa haske, mu raini kowane kashi daban, mu ga ko za su sake gaurayuwa.