Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba

Zuwa ga 'yan'uwana na gida,

Assalamu alaikum. A firamare an koya mana buɗe wasiƙa da cewa "ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan lafiya". Fatan farko na yi muku shi da zuciya ɗaya. Na biyun kuwa, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Hoton da na turo ranar ƙaramar Sallah, wanda na sa shuɗin leshi, ya jawo min addu'o'i. Wata ta ce Ingila ta karɓe ni. Ƙanena ya ce Yaya an shiga sahun manyan hajiyoyi. Gwaggo kuma ta aiko da saƙon murya: "'Yar nan, sai yau hankalina ya kwanta da na ga kin yi ɓul-ɓul. Allah Ya ƙara hutu." Na ce amin. Ban gaya mata sai da tela ta ƙara wa leshin ƙyalle a gefe ba, ban kuma gaya mata a makon nas ta kira ni kan sakamakon awon jinina ba. Na sauka Mancesta a 2022 ina da kilo 67. Ranar da aka ɗauki hoton nan ina da 93. A cikin 26 ɗin da suka ƙaru babu ko ɗaya na hutu.

Na san wani zai ce kukan daɗi nake yi. Mutum yana zaune a Turai yana ƙorafin ya ci ya yi yawa, alhali a unguwarmu akwai gidajen da ba a ɗora tukunya sau biyu a yini. Ni ma wannan kunyar ce ta rufe min baki tsawon lokaci. Ku yi min uzuri ku karanta.

Aikina kula da tsofaffi ne a wani gida da ke bayan gari, kuma na dare nake yi, takwas zuwa takwas. Aurena ya mutu kafin in taho, yarana biyu na bar su hannun Inna. A watan Disamba rana tana faɗuwa a nan kafin ƙarfe huɗu na yamma, ba ta fitowa sai bayan takwas na safe. Mai aikin dare ta kwanta gari na wayewa, ta farka magariba ta wuce. Sai in yi mako ban ga rana da idona ba.

A hunturuna na biyu Inna ta rasu, da asuba. Ina tsaka da juya wata tsohuwa a gado wayata ta dinga rawa a aljihu. Kafin in tashi aiki an yi mata wanka, kafin azahar an kai ta makwancinta. Ku kun yi zaman makoki, tabarmi har ƙofar gida, maƙwabta na shigowa da kwanuka. Ni kuwa a bakin gado na karɓi gaisuwa, waya a kunne: ya haƙuri, da godiya, ya haƙuri, da godiya. Dare na biyu na koma aiki. Bayan sadakar arba'in uban yara ya zo ya kwashe su.

Ƙarfe uku na dare shi ne mugun lokaci. Tsofaffi sun yi barci, ƙararrawa ta yi shiru, sai tunani ya samu fili. A ɗakin hutun ma'aikata ba a rasa biskit da cakulan, iyalan tsofaffin ke kawo mana don godiya. In haɗa shayi mai kauri, suga cokali huɗu, in ja gwangwanin gabana. Ranar hutu kuma in tafi Moston Lane, inda shagunan 'yan Afirka suke, in yi cefane, in dawo in tuƙa tuwon da zai ishi mutum huɗu. Hannuna bai iya tuwon mutum ɗaya ba, babu wanda ya taɓa koya min. In ce saura na ɗumame ne. Ba a kaiwa ga ɗumamen. A tsaye nake ci, a bakin tukunya, hannu baka hannu ƙwarya kamar za a kama ni, kuma daga loma ta biyar ba na ƙara jin ɗanɗanon miyar. Sai ciki ya ɗaure har numfashi na yi min wuya, sannan wani irin shiru ya sauko min a ka, na kamar rabin awa. Shirun nan nake nema tun farko. Yana wucewa sai kunya. In wanke tukunya da sauri, in fitar da ledar shara kada abokiyar zamana ta ga ɓawon cakulan, in ɗau alwashin gobe ba zan sa komai a baki ba sai dare. In yini da yunwa, dare ya yi, a koma gidan jiya.

Hausa ta daɗe da sanin inda damuwa take kwana. Baƙin ciki muke cewa, da farin ciki. Abu yana cin mutum a rai. Ana haɗiye magana, ana barin abu a ciki, ana zama da juna ta ciki na ciki. An raine mu da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wato mace ta gari ta iya ɓoye abin da ke damunta. Na iya kuwa, na gaji Inna. Sai dai in abin da aka ɓoye ya yi yawa yana tasowa, kuma wasunmu da tuwon muke danne shi.

Awon da nas ta kira ni a kansa shi ne wanda ke nuna yadda suga ya zauna a jini cikin wata biyu zuwa uku. Nawa 45. A lissafinsu na nan daga 42 zuwa 47 gargaɗi ne, 48 kuma an shiga ciwon suga. Ta ƙara min da wani abu da ban sani ba: ma'aunin nauyi da tsawo da ake kira BMI, wanda ga Bature sai ya kai 30 ake cewa ƙiba ta zama matsala, gare mu baƙar fata da mutanen Asiya daga 27.5 ake fara lissafi, saboda suga yana kama mu tun nauyin bai kai can ba. Ta ce kuma faɗin ƙugu, in an zagaya shi da awo, kada ya kai rabin tsawon mutum. Na gyara zama ina jiran wa'azin rage shinkafa. Sai ta ajiye biro ta ce, yaushe nauyin ya fara hawa, kuma me ya faru a lokacin? Na buɗe baki zan ce sanyi ne, sai kuka ya ƙwace min. Fiye da shekara da rasuwar Inna, a gaban baƙuwa, ranar na yi mata kuka na gaske.

Daga baya na fahimci abin yana da tushe a jiki. Damuwa mai tsawo tana riƙe wani sinadari mai suna kotisol a sama, shi kuma yana ƙara wa mutum sha'awar zaƙi da maiƙo, yana tara kitse a tumbi. Rashin barci yana ɗaga girelin, sinadarin da ke cewa ana jin yunwa, ya sauke leftin, mai cewa an ƙoshi. Zaƙi kuma yana ba ƙwaƙwalwa ɗan sauƙi nan take, ita kuwa ba ta mantuwa da inda ta taɓa samun sauƙi. Tun 1955 wani likita a Amurka, Albert Stunkard, ya yi rubutu kan masu cin dare irina, kuma a 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na can suka amince da cin da mutum ke kasa tsayar da kansa a matsayin lalura mai zaman kanta.

Labarin da ya fi tsaya min shi ne na Dakta Vincent Felitti. A wajajen 1985 yana da asibitin rage ƙiba a San Diyego, sai ya lura mutane da yawa suna gudu daga shirin, kuma abin mamaki har da waɗanda suka fi samun nasara. Mutum ya zubar da nauyi mai yawa, maimakon murna sai ya ɓace, ya mayar da abinsa. Ya bi su ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya. A nan ya gano da yawansu an ci zarafinsu suna yara, wasu fyaɗe aka yi musu a cikin gida. Ƙibar ta zame musu garkuwa: mai jiki ba a cika kallonta da sha'awa ba, in ta rame kuma idanun da take tsoro su dawo. Abin da likita yake gani ciwo, su a wurinsu magani ne. Wannan ya haifar da babban bincike tare da Dakta Robert Anda na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, a kan mutum fiye da 17,000, aka fara buga sakamakonsa a 1998. Ya nuna gwargwadon wuyar da yaro ya sha a gida, duka ne, zagi ne, rabuwar iyaye ce, gwargwadon yadda haɗarin ƙiba mai tsanani da ciwon zuciya da shaye-shaye ke ƙaruwa in ya girma. Da na karanta sai na tuna fuskoki. Ba zan faɗi na su waye ba.

Kada a ɗauka na ce duk mai jiki yana cikin damuwa. Akwai gado, akwai haihuwa, akwai magunguna, akwai zama wuri ɗaya. Wasu kuma damuwa hana su ci take yi. Wannan mun san shi: mace ta rame, kowa ya ce a bincika gidan mijinta. Ɗayan ne ba mu sani ba, don shi barka ake yi masa. Matar da aka yi wa kishiya ta shige ɗaki da kwanon cincin. Wadda ta shekara takwas tana jiran haihuwa, dangin miji na ƙirga mata. Amaryar da aka kai Abuja aka rufe a bene, daga ita sai firji da talabijin. Magidancin da kasuwa ta juya wa baya, kullum sai ya biya wajen mai tsire da lemon kwalba biyu kafin ya iya shiga gida. Duk cewa ake hutu ya karɓe su. Tun muna yara ma haka aka saba mana: ka yi kuka a toshe maka baki da alewa, ka ce ka ƙoshi a ce cinye.

Wani abu kuma da ya ɓata min rai, bari in faɗe shi tunda na fara. Bayan hoton nan wata yarinya a dangi, da aka sa wa rana, ta tambaye ni ko akwai maganin ƙiba mai kyau a nan in aiko mata, wai na gida sha-ka-fashe ya fara ba ta tsoro. Gara da ya ba ta. Cikin ƙwayoyin da ake haɗawa har da dezametason, maganin kumburi da asma, wanda in aka daɗe ana sha ba bisa ƙa'ida ba yake kumbura fuska, ya kawo hawan jini da suga, ya raunana ƙashi. Ina nan ina fama in fita daga rami, ita tana neman tsanin shiga, don kada dangin ango su ce ba ta cika ido ba.

Hadisin kashi uku, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, tun ina Islamiyya na haddace shi, kuma ina sane da shi sarai a bakin tukunyar nan. Wanda ya taɓa ni shi ne na Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. In an yi rasuwa a danginta, mata sun taru sun watse, sai ta sa a dama talbina, wani kunu mai laushi, ta ce wa na jiki su ci, don ta ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana rage wani abu na baƙin ciki. Ashe abinci yana rarrashi, addini bai musa ba. Amma wani ne ya dama ya miƙo maka, kuna zaune tare. Kwanukan da maƙwabta suka shigo muku da su ke nan. Ni nawa kwanon ni na dafa, ni na miƙa wa kaina, a tsaye.

Yanzu na rage aikin dare zuwa uku a mako, ko da yake aljihu ya ji a jikinsa. Nas ɗin ta haɗa ni da masu sauraron damuwa, na yi zama da su, na faɗi abubuwan da ban taɓa furtawa da Hausa ba ma. Ranar Lahadi mu huɗu muke haɗuwa, da 'yar Sakkwato, da 'yar Damagaram, da wata 'yar zangon Kumasi, mu ci a tire ɗaya, tuwon mutum huɗu ya samu mutum huɗu. Na kuma koyi bambance yunwa biyu. Ta gaske a hankali take zuwa, ko ƙanzo aka ba ta za ta karɓa. Ɗayar kuwa faɗowa take yi kamar shaho, kuma ta san abin da take so, sai shi. In ita ce, nakan yi alwala in kira wani. Wani lokacin ya yi aiki. Daren da babban ɗana ya ƙi karɓar wayata bai yi ba, na cinye burodi guda da rabin kwalbar man gyaɗa. Sikeli ya ce 86 a makon jiya.

Gwaggo, na san za a karanta miki wannan. In Allah Ya kawo ni babbar Sallah kika ga na ragu, don Allah kada ki ce na rame, kada kuma ki tsare ni da ƙarin tuwo. Ki ajiye min muciyar Inna in ba a bayar ba. Kuma ina so mu zauna, ni da ke, ki ba ni labarin yadda ta cika, da abin da ta ce game da yara. Har yau babu wanda ya gaya min, ni ma ban tambaya ba.

A gaida kowa da kowa.

Taku,
'yar'uwarku a Mancesta